Idan Maganin Taifot Ya Ƙi Ci: Ciwon Damuwa A Tsakanin Matasanmu

 A wannan makon zan fara ne da wani abu da ya faru a kantin maganin da nake aiki a nan Kafanchan, domin tun ranar da ya faru nake neman damar yi muku wannan bayani.

Wata uwa ce ta shigo da la'asar, ɗanta mai kimanin shekara 18 na biye da ita, kansa a sunkuye. Ta miƙo mini takardar gwaji ta ce, "'Yata, taifot ɗin nan ne ya sake dawowa. Ki ba mu irin na wancan karon, amma mai ƙarfi." Da na duba littafinmu sai na ga cikin wata uku wannan ne zuwansu na huɗu. Yaron ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, ya sha na taifot sau ɗaya, kuma biyu daga ciki ni da hannuna na miƙa ba tare da na tsaya na dubi fuskarsa ba.

Na ce, "Mama, jikinsa yana zafi?"

Ta ce, "Babu zazzaɓi. Ciwon kai ne da kasala. Ba ya cin abinci, da dare ba ya barci, da rana kuma ba ya tashi daga kwance. Ƙwallon da yake mutuwar so ma ya daina zuwa. Babansa ya ce lalaci ne kawai."

Na roƙe ta ta ba ni minti biyar da shi. Na ja masa kujera gefe na ce, "Ƙanena, yaushe rabonka da jin daɗin wani abu?" Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Anti, na manta." Daga nan labari ya fito. Ya rubuta jarabawar JAMB bai samu makin da ake nema ba, abokansa sun wuce makaranta, cittar babansa ta lalace a gona balle a yi maganar kuɗin sake rubutawa. Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ma a ce ba ya raye. Ya gyaɗa kai.

Ranar ban sayar musu da komai ba. Takarda na rubuta musu zuwa asibiti.

Mene ne ciwon damuwa?

Kowa yana shiga baƙin ciki. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ya faɗi jarabawa, ko budurwa ta juya masa baya, dole ransa ya ɓaci. Irin wannan yakan lafa da kansa, mutum ya ci abinci, ya yi dariya, ya koma harkokinsa. Ciwon damuwa da likitoci ke magana a kai shi ne wanda ya zauna ya ƙi tafiya, kusan kullum, kusan duk yini, har tsawon mako biyu ko fiye, kuma ya hana mutum karatu ko aiki ko zama da jama'a.

Manyan alamominsa biyu ne: ƙuncin zuciya da ba ya gushewa, da kuma rasa jin daɗin abubuwan da mutum ya saba so. A kan waɗannan sai a samu wasu: rashin barci ko yawan barci, rashin cin abinci ko yawan ci, gajiya ba tare da an yi aiki ba, kasa tattara hankali wuri ɗaya, nauyin jiki ko rashin natsuwa, ganin kai ba a bakin komai ba ko ɗora wa kai laifin komai, sai kuma tunanin mutuwa.

Ga inda iyaye ke yawan kuskure. A jikin matashi, ciwon ba lallai ya zo da kuka ba. Sau da yawa da fushi yake zuwa. Yarinyar da aka sani da ladabi ta koma mai tsiwa, abu kaɗan ta buga ƙofa. Yaron da ke cikin na gaba a aji ya koma na baya, ya fara gudun makaranta. Mu kuma sai mu ce rashin kunya ne ko tashen balaga, mu ɗauko bulala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na cikin waɗanda suka fi yawa. Ta kuma ce kashe kai na cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar ran matasa masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. Bayan balaga, ciwon ya fi kama 'ya'ya mata fiye da maza. Idan ka ɗauki wannan lissafi ka shiga aji mai ɗalibai 70 a kowace sakandare tamu, kana maganar yara kusan goma ke nan.

Dalilin da ya sa yake zuwa da rigar taifot

A al'adunmu na nan, ko Bajju ne kai ko Atyap, ko Ham, ko Fantswam, ko Bahaushe ko Bafulatani, yaro ba ya zuwa gaban babansa ya ce zuciyarsa ta karaya. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji kuma ba ya kuka. Amma an yarda yaro ya ce kansa na ciwo. Saboda haka abin da baki ya kasa faɗa sai jiki ya faɗa: ciwon kai, zafi a tsakiyar kai, bugun zuciya, ciwon ciki, jin kamar wani abu na yawo a jiki, kasala. Ba ƙarya yaron yake yi ba, da gaske yana jin ciwon.

Daga nan sai a tafi ɗakin gwaji. Gwajin taifot da aka fi yi a garuruwanmu, wanda ake kira Widal, yana iya nuna alama a jinin mutumin da ba ya ɗauke da cutar a lokacin, musamman a wuraren da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya. Shi kaɗai bai isa hujja ba. Haka ake ta ɗura wa yaro magungunan kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni, kuɗi na tafiya, ainihin ciwon na ƙara zama.

Wannan ba yana nufin a daina gwaji ba. Akwai cututtukan jiki da ke kama da ciwon damuwa ko su zo tare da shi, kamar ƙarancin jini, matsalar ƙululun maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, ciwon sikila, ciwon suga da farfaɗiya. Wasu magunguna ma suna taɓa yanayin zuciya, daga ciki har da ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da 'yan mata ke saye a ɓoye. Aikin likita ne ya tantance. Abin da nake so ka riƙe shi ne: idan an yi maganin zazzaɓi sau biyu, jiki ba zafi, yaro kuma bai dawo yadda aka san shi ba, lokaci ya yi da za a yi wata tambayar daban.

Kayan da yaranmu ke ɗauke da su

Ciwon damuwa ba shi da dalili guda. Akwai gado, domin wanda uwarsa ko ubansa ya taɓa yi ya fi saurin kamuwa. Akwai yanayin jiki. Akwai kuma abin da rayuwa ta ɗora wa mutum, kuma a nan ne yankinmu yake da nasa nauyin na musamman.

Iyayen yau sun ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Jaririn da aka goya aka gudu da shi a rikicin bayan zaɓen 2011 yau matashi ne, kuma ya tashi yana jin labarin hare-hare a ƙauyukan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kauru, da satar mutane a kan hanya, da dokar hana fita. Daga ƙarshen 2016 zuwa cikin 2017 an rufe Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan tsawon watanni saboda rashin tsaro, ɗalibai suka zauna a gida. Babu ɓangaren da bai binne nasa ba. Yaron da ya ga gawa, ko aka ƙona gidansu, ko ya kwana a daji, ba ya mantawa don kawai manya sun daina zancen. Wani sai bayan shekaru abin zai fito masa ta mugun mafarki, firgita da ƙaramin sauti, ko janyewa daga mutane.

Sai kuma aljihu. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, aikin reluwe kuwa ya daɗe da ja baya. Citta ce ta riƙe gidaje da yawa, a daminar 2023 kuma cutar ruɓewa ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Kuɗin makaranta da na aure da na jari da yawa a cikin ƙasa suka ruɓe. Mukan ɗauka yara ba su san abin da ake ciki ba, alhali suna jin duk wata gardamar kuɗi da ake yi a tsakar gida, wasu ma su ɗauka su ne nauyin.

Ƙara da waɗanda ba a faɗa: cin zarafi daga na gida ko malami, cikin da ba a shirya ba, tsangwama a makarantar kwana, bashin cacar ƙwallo ta waya, da kwana ana kallon rayuwar wasu a TikTok da Facebook ana auna ta da tata. Akwai kuma yarinyar da ta haihu tana ƙarama ta shiga damuwa bayan haihuwa, ana ce mata ai farin ciki ya kamata ta yi.

Yadda za ka tambaya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan ciwon fuska kaɗai ba ta wadatar, sai an tambayi baki. Ka nemi lokacin da ku biyu ne kawai, a hanyar gona, ko wajen wanki, ko bayan cin abincin dare. Kada ka tara dangi a kansa. Ka fara da abin da idonka ya gani: "Na lura kwanan nan ba ka fita, ba ka cin abinci. Me ke damunka?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne ya fi wuya ga iyaye.

Tambayoyi biyu ne ma'aikatan lafiya ke fara yi, kai ma za ka iya. Na farko: cikin mako biyun nan, kana yawan jin ƙunci ko fid da rai? Na biyu: ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so? Idan ya amsa da e ga ɗaya daga ciki, kuma ya ce kusan kullum ne, a je asibiti.

Akwai ta uku, wadda kowa ke tsoro: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Mutane na gudun kada su sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin. Wanda ba ya yi zai ce a'a, wanda yake yi kuma yakan ji an sauke masa kaya. Ka yi ta cikin natsuwa, kada ka zabura ko ka fara salati da kururuwa idan amsar ta girgiza ka.

Kalmomin da za ka guje wa su ne irin su "me ka rasa a gidan nan?", "dubi wane ya fi ka wahala", "rashin imani ne", "ka cire abin a ranka". Da zai iya cirewa da tuni ya cire. Abin da yake buƙatar ji shi ne: "Na ji ka. Ba laifinka ba ne. Akwai magani, kuma tare za mu je."

Ƙwayoyin da ba magani ba

Yanzu bari na yi magana a matsayina na mai harhaɗa magunguna. Matashin da damuwa ta hana barci ba asibiti yake fara zuwa ba, kemis yake zuwa, ko wajen abokai. Abin da ake miƙa masa shi ne tiramadol, ko maganin tari mai kodin, ko dayazefam, ko rochi, ko wiwi, ko burkutu da ƙananan ledojin giya. A daren farko zai ji sauƙi. Bayan 'yan makonni sai jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, idan ta sake shi kuma damuwar ta dawo fiye da da. An shiga da ciwo ɗaya, an fito da biyu.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma kimanin miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol suka sha ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Ba duk mai shan ƙwaya ne ke da ciwon damuwa ba, amma idan ka kama ɗanka da ita, kafin duka ka tambayi abin da yake ƙoƙarin kashewa a cikin ransa.

Ga 'yan uwana masu kantin magani da kemis: yaron da ya zo neman maganin barci sau biyu, tambaya yake buƙata. Ribar ƙwaya goma ba ta kai ran ɗan mutane ba.

Maganin gaskiya

Ciwon damuwa yana warkewa, kuma matakin farko ga matashi ba ƙwaya ba ce. Idan ciwon bai yi tsanani ba, ana fara wa ne da zaman tattaunawa da wanda aka horar. Ba nasiha ce kawai ba, aiki ne mai tsari. Ana koya wa yaro ya gane tunanin da ke jan shi ƙasa, irin su "ni ba zan taɓa zama komai ba", ya auna shi da hujja. Ana rarraba matsalar da ta yi masa tsaye zuwa ƙanana, a ɗauki ɗaya a warware. Ana kuma mayar da shi ga ayyukan da ya bari, kaɗan-kaɗan, ko da bai ji sha'awa ba tukuna, domin a wannan ciwon motsi ne ke fara zuwa, sha'awa ta biyo baya.

Kada a ce sai Turai ake wannan. A ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna bin tsarin warware matsala mataki-mataki. A harshen Shona sunan ciwon yana nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa a nan. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A ƙasar nan ma tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zaune tare da danginsu cikin jama'a maimakon a kulle su.

Idan ciwon ya yi tsanani, ko tattaunawa ta kasa, likita na iya ƙarawa da ƙwaya. Ga ƙa'idojin da nake maimaita wa duk iyayen da suka kawo mini irin wannan takarda.

Na ɗaya, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba yaron da bai kai shekara 12 maganin damuwa ba a matakin farko na kula da lafiya. Ga wanda ya haura, wanda aka fi amincewa da shi shi ne wanda za ka ga an rubuta fluoxetine a kwalinsa, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Yawanci da safe ake sha.

Na biyu, akwai tsohon magani mai araha da ake rubuta amitriptyline a jikinsa, wanda ake ba manya. Ba a son sa ga matasa: bai nuna amfani sosai a kansu ba, kuma idan aka sha fiye da ƙima yana taɓa zuciya. Idan akwai shi a gida don wani babba, a kulle shi.

Na uku, maganin ba farasitamol ba ne. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, wani har shida. A kwanakin farko ana iya jin tashin zuciya, ciwon kai ko rashin barci, yawanci kuma suna wucewa.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, makonnin farko lokacin sa ido ne. Tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi a jikin waɗannan magunguna, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa duk wanda bai kai shekara 25 ba, cewa kaɗan daga cikin masu sha na iya samun ƙaruwar tunanin cutar da kai a farkon fara sha ko lokacin canza adadi. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, domin ciwon da aka bari ba magani shi ma yana kisa. Dalili ne na cewa babba ya riƙe kwalin, ya riƙa bayarwa kullum, kuma idan aka ga rashin natsuwa, tsananin fushi ko zancen mutuwa a koma wurin likita a ranar.

Na biyar, a faɗa wa likita idan yaron ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana jin ya fi kowa, ko akwai mai irin haka a dangi. Wannan wata larura ce daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da ita.

Na shida, kada a haɗa shi da tiramadol ko giya. Haɗuwarsa da tiramadol na iya kawo jijjiga, zazzaɓi mai zafi da ruɗewa. Duk wani magani, har na gargajiya, a nuna wa likita ko mai harhaɗa magani tukuna.

Na bakwai, samun sauƙi ba shi ne ƙarshen sha ba. Ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, sau da yawa har wata tara zuwa shekara, sannan likita ya janye shi a hankali. Maganin ba ya sa maye kuma ba ya sa ƙwaɗayi irin na ƙwaya, amma yanke shi da wuri shi ke dawo da ciwo.

Ina za a je?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka kada ka jira sai ka ga ƙwararre. Ka fara da likitan da ke kusa, a babban asibitin da ke Kafanchan ko babban asibitin ƙaramar hukumarku. Ka faɗi komai, ba ciwon kai kaɗai ba: barci, ci, makaranta, fushi, ƙwaya, da abin da yaron ya gani. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos wanda ya fi kusa da mu, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Na san abin da ke hana mutane zuwa: kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, 'yarsu ta rasa miji. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, kuma yawancin masu zuwa waɗannan asibitoci ganin likita suke yi su koma gida a ranar. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a mutunta shi kuma kada a nuna masa wariya.

Addu'a kuwa ba ta faɗa da asibiti. Mai hawan jini yana addu'a yana shan maganinsa. Liman ko fasto da yaro ya yarda da shi babban mataimaki ne. Amma duk wurin da za a ɗaure yaro da mari, a doke shi, a hana shi abinci, ko a ce ya zubar da maganin likita, ka ɗauke ɗanka daga nan.

Idan abin ya kai ga gaggawa

Idan matashi ya ce zai kashe kansa, ko ya fara rabar da kayansa, ko yana bankwana a waya, ko ya taɓa gwadawa, kada ka ce neman a kula shi yake yi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da irin waɗannan magungunan gona ne. Tsananin wannan tunani sau da yawa na ɗan lokaci ne, idan babu abin cutarwa a kusa yakan wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da mafi haɗari daga cikinsu, yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 20. Kai ma sayi kwaɗo, ka kulle maganin feshi da ragowar magungunan gida, makulli a hannun babba. Idan kuma har wani ya sha guba, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauki kwalbar a garzaya asibiti.

Rigakafi a tsakar gida

Ba kowane ciwo ake iya tarewa ba, amma ana rage shi. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, don haka waya ta kwana a wajen ɗaki. Yana buƙatar motsa jiki kamar awa ɗaya a rana, ƙwallo ne, keke ne ko aikin gona. Wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako kada a bar shi zaman ɗaki, a haɗa shi da koyon ɗinki, gyaran waya, walda ko kiwo, wani abu dai da zai tayar da shi da safe. A ci abinci tare ko sau ɗaya a rana. Faɗuwa jarabawa kada ta zama abin gori a gaban ƙanne. Gidan da aka yi rashi ko aka gudo daga hari, a bar yara su yi zancen, su yi kuka, su yi tambaya. Sama da komai, kowane yaro ya samu babba ɗaya, uwa ce, kawu ne, goggo ce ko malama, wanda zai iya gaya wa magana ba tare da ta zaga gari ba.

Malaman makaranta, ku ne kuke ganinsu awa shida a rana. Ɗalibin da makinsa ya faɗi farat ɗaya, a kira shi gefe kafin a kira shi gaban taro.

Shi kuwa yaron da na fara ba ku labarinsa, likita ya duba jininsa bai ga taifot ba. Ya ɗora shi a kan magani tare da zaman tattaunawa, mahaifiyarsa ce ke riƙe da kwalin. Makonni ukun farko babu wani canji, har babansa ya ce a daina ɓarnar kuɗi, ita ta dage. A wata na biyu ya fara cin abinci. Kwanakin baya ya shigo karɓar maganinsa shi kaɗai, da ƙurar fili a ƙafarsa, ya ce, "Anti, ki yi sauri, ana jirana." Bai gama shan magani ba, jarabawar ma tana gabansa, amma ya sake yin rajista.

A daren yau, ka dubi yaran gidanka ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai wanda ya yi shiru fiye da mako biyu, ka ja shi gefe ka tambaye shi. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.